Shaidar Ƙarfe: Karanta Tsohuwar Martini-Henry da Sanin Darajarta

A gefen dama na bindigar Martini-Henry da aka ƙera wa sojan Ingila akwai ɗan rubutu da tafin hannu zai iya rufewa. Kambin sarauta ne a sama, ƙarƙashinsa haruffa biyu, V.R., alamar Sarauniya Biktoriya, sai sunan masana'antar da ta yi aikin, sai shekara, sai lambar Rumawa mai nuna samfurin. Duk gardamar da dillalai da masu tara kayan tarihi suke yi a kan wannan bindiga daga wannan ɗan fili take farawa. Abin da nake son tabbatarwa shi ne darajar tsohuwar bindigar soja tana tafiya ne da abin da za ta iya ba da shaida a kansa da jikinta. Tsufa kaɗai ba ya sa mata kuɗi, ƙyalli ma ba ya sa mata, labarin da mai sayarwa ya rataya mata kuwa sai an auna shi da ƙarfen kafin a karɓa. Na zaɓi Martini-Henry ne domin da wuya a sami bindigar da aka kwaikwaya, aka sāke wa fasali, aka kuma yi wa ƙarya kamarta, sannan tarihinta a rubuce yake daki-daki, har mutum na iya kama maƙaryaci da shekara guda.

Asalinta tsoro ne. A 1864 da 1866 sojan Furushiya suka ci Danmak da Ostiriya riƙe da bindigar da ake ɗurawa ta baya, alhali sojan Ingila suna nan suna ɗura albarushi ta baki suna dannawa da sanda. Ingila ta yi gaggawar yanke gindin tsofaffin bindigoginta na Enfield ta sa musu murfi, abin da aka sani da Snider, amma kowa ya san wannan maganin wucin gadi ne. Aka kafa kwamiti, aka yi shekaru ana gwaji, daga ƙarshe aka haɗa aikin mutum biyu. Friedrich von Martini, injiniya mazaunin Suwizalan, ya ɗauki tsarin wani Ba'amurke, Henry Peabody, na toshiyar ƙarfe mai faɗawa ƙasa in an danna mariƙi, ya cire hamar da ke waje, ya sa allura mai sifirin a ciki. Alexander Henry, maƙerin bindiga na Edinbara, shi ya kawo bututu mai tsaga bakwai a murɗe da ke juya harsashi ya tafi saiti. A 1871 aka amince da ita, ta fara isa hannun yawancin sojoji wajen 1874. Harsashi ɗaya take ci a lokaci guda, dalma mai kauri da albarushi baƙi mai hayaƙi, tsawonta inci 49, nauyinta wajen kilo huɗu, kuma ta yi suna wajen dukan kafaɗar mai harbi.

Abin da ya sa ake iya karanta ta yau shi ne aibobinta, domin kowane aibi ya jawo gyara, kowane gyara kuma yana da shekararsa. Samfuri na ɗaya ya sha canje-canje tun kafin a gama raba shi. A 1877 aka fito da na biyu, aka kuma kira yawancin na ɗaya aka mai da su na biyu. Maƙeran gwamnati ba su goge lambar farko ba, sai suka buga wata sanda a gefenta, saboda haka a irin waɗannan bindigogi lambar II takan karkace gefe maimakon ta zauna a tsakiya. Wannan 'yar karkata tana gaya wa mai ido cewa bindigar ta girmi samfurin da take ɗauke da shi, kuma ita ce dalilin da ya sa ta ɗaya wadda ba a taɓa ba take da wuyar samu da tsada. Na uku ya zo a 1879. Sai babban aibin, wato kwanson harsashi. Da siririn fallen tagulla ake naɗe shi, in bututu ya yi zafi sai ya manne ya ƙi fita. A yaƙin Abu Kilea na Sudan, ranar 17 ga Janairu 1885, inda mayaƙan Mahadi suka fasa sahun Turawa, ƙorafin cijewar bindiga da lanƙwashewar banati ya kai har Landan. Aka koma kwanso na tagulla zalla, aka kuma tsawaita mariƙin don ya fi ƙarfin fizgo kwanso. Wannan dogon mariƙi shi ne alamar samfuri na huɗu, wanda da farko an ƙera shi ne da ƙaramin harsashi, amma da aka ga Lee-Metford mai cin harsasai da yawa tana tafe, wadda aka karɓa a 1888, sai aka mai da shi kan tsohon harsashi, aka tura mafi yawansa Indiya.

Amfanin waɗannan shekaru yana fitowa ne idan aka zo kan 1879. Ranar 22 ga Janairu na wannan shekara Zulu suka murƙushe sansanin Ingila a Isandlwana, suka kashe mutum wajen 1,300, suka kwashe bindigogi kusan dubu. Da yammacin ranar zuwa wayewar gari wasu sojoji kamar 150 suka tsare tashar Rorke's Drift, aka ba goma sha ɗaya daga cikinsu lambar Victoria Cross. Fim ɗin Zulu na 1964 ya dasa wannan dare a zukatan masu kallo a Ingila da Amurka, kuma daga nan kusan duk mai neman Martini-Henry wannan yaƙin yake nema a jikinta. Inda buƙata ta yi yawa kuwa, labari ba ya wuyar samuwa. To amma ƙarfen yana da ta cewa. Bindigar da aka buga wa 1883 ba ta je Isandlwana ba. Mai dogon mariƙi ba ta je ba, ko da kuwa an rantse. Samfuri na uku ma ba a amince da shi ba sai bayan an gama yaƙin. Abin da ya rage shi ne na ɗaya da na biyu masu shekarar da ta gabaci 1879, kuma waɗannan dubbai ne birjik, an raba su daga Kanada har Indiya. Iyakar abin da shekara za ta ce shi ne mai yiwuwa ne. Alamar rundunar da ta riƙe bindiga a jikin katakon gindi aka saba buga ta, katako kuwa yana tsagewa a canza shi, ana kuma soke tsohuwar alama in bindiga ta koma wata runduna. Don haka lamba 24 a kan katako, wadda ke nufin rundunar da ta yi waɗannan yaƙoƙi biyu, ita ce alamar da ta fi kowace sauƙin ƙirƙira, ita ce kuma ta fi cancantar a tuhume ta.

Sauran jikin bindigar cike yake da ƙananan hatimai, kuma su ne tarihin rayuwarta bayan ta bar masana'anta. Ban da masana'antar gwamnati ta Enfield, kamfanoni irin su BSA na Bamingam da LSA na Landan sun ƙera ta da kwangila, kowanne da sunansa. Kan kibiya alamar mallakar gwamnati ce. Kibiya biyu da suka haɗa kai na nufin an sayar da ita daga hannun soja bisa ƙa'ida. Haruffan DP na nufin an yanke mata hukuncin fareti kawai, ba harbi. Ƙananan kambi masu harafi da lamba kuwa sa hannun masu duba aiki ne, kuma ana samunsu a kan bututu da toshiya da mariƙi, har da ƙananan sassa. Wadda ta yi zaman Indiya takan ɗauki hatimin ma'ajiyar makamai irin ta Rawalpindi ko Allahabad a kan katako. Wasu kuma a shekarun 1890 an canza musu bututu zuwa ƙaramin harsashin .303, aka buga sabon suna da sabuwar shekara a gefen hagu, ta yadda bindiga ɗaya ke ɗauke da ranar haihuwa biyu, dama da hagu, dukansu na gaskiya.

Mai ja zai ce: in har hatimi ne shaida, ai hatimi ma ana sassaƙa shi. Wannan gaskiya ne, kuma babu inda ya fi tabbatar da shi kamar kan iyakar Pakistan da Afganistan. A garin Darra Adam Khel, tsakanin Peshawar da Kohat, da wasu ƙauyukan yankin mashigin Khaibar, maƙera sun shafe fiye da shekara ɗari suna kwaikwayon bindigogin Ingila da guduma da zarto, har da kambi da V.R. da sunan Enfield. Bayan 2001, da sojan Amurka suka cika Afganistan, kasuwar ta sake buɗewa, domin dokar Amurka tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, tana sauƙaƙa shigar da ita gida. Sai dai wannan hujja, in an bi ta, goyon bayan karatun ƙarfe take yi. Maƙerin Darra yana kwaikwayon siffar harafi ne ba tare da ya san abin da yake nufi ba, shi ya sa ake ganin N a juye cikin ENFIELD, ko V.R. a kan shekarar 1910, alhali Biktoriya ta rasu tun Janairun 1901. Wani lokaci lamba ɗaya ce ta mai duba aiki a kan kowane sashe, ko kambin ya fito a karkace saboda da hannu aka zana shi, ko jikin samfuri na biyu ya zo da shekarar da ba a fara yin sa ba. Hatimi ɗaya ana iya ƙirƙira shi. Abin da ke gagarar mai jabu shi ne ya sa shaidu talatin su yi magana da baki ɗaya, shekara ta dace da samfuri, samfuri ya dace da siffar katako, zurfin bugu ya dace da tsufan ƙarfe. Kama da wane ba ta wane, kuma a nan bambancin ya wuce na kuɗi, domin ƙarfen waɗannan kwaikwayo sau da yawa mai taushi ne, harba su ganganci ne da rai.

Duk da haka ban yarda a kira kowace Martini da ba ta fito daga Ingila ba jabu. Daular Usmaniyya ta sayi bindigogin Peabody-Martini dubu ɗaruruwa daga wani kamfani a Providence ta Amurka, da su ta tsare garin Plevna a 1877. Sarki Abdur Rahman na Afganistan ya kafa masana'antar Mashin Khana a Kabul, inda aka ƙera Martini ɗauke da tambarin masallaci na ƙasarsa da rubutun Farisanci. Waɗannan ba su taɓa cewa su 'yan Enfield ba ne, sunansu suke amsawa, kuma suna da masu nemansu. Ko kwaikwayon Darra, in an sayar da shi da sunansa, shaida ce ta yadda mutanen duwatsu suka koyi ƙera makamin wanda ya zo mallake su. Laifin yana shigowa ne a ranar da aka ɗora masa sunan da ba nasa ba don a ninka farashi.

Hujja ta biyu ta 'yan kasuwa ce: daraja ita ce abin da mai saye ya biya, sauran duk surutun malamai ne. Abin da ya faru a Nepal ya isa a gwada wannan magana. Tun daga shekarun 1890 gwamnatin Ingila a Indiya ta riƙa ba sarakunan Nepal bindigogin Martini-Henry, a zamanin da take ɗibar 'yan Gurkha aikin soja. Da zamaninsu ya wuce aka jibge su, tare da waɗanda suka girme su, a tsohuwar fadar Lagan Silekhana da ke Katmandu, suka yi shekaru aru-aru cikin ƙura da daskararren maiko. A 2003, ƙasar tana tsakiyar yaƙi da 'yan tawayen Mao, shekara biyu bayan kisan gillar da aka yi wa gidan sarauta, aka sayar da tarin ga kamfanin International Military Antiques na Christian Cranmer da abokin hulɗarsa Atlanta Cutlery. Bindigogi fiye da 50,000 ne, da igwa fiye da ɗari, da wuƙaƙe da banati, nauyin kayan ya kai tan 430. Dare ɗaya bindigar da ake nema da fitila ta zama abin da ake oda ta gidan waya. Samfuri na huɗu musamman ya cika kasuwa, farashin gama-garin Martini ya sauka. Zuwa nan ɗan kasuwa yana da gaskiya, kuma wannan ya kashe zancen cewa tsufa kaɗai daraja ne, tunda a lokacin ga dubban bindigogi masu shekara ɗari da ashirin ana sayar da su da arha. Amma a dubi abin da bai sauka ba. Samfuri na ɗaya da ba a taɓa ba, da bindigar da sassanta duka na haihuwarta ne, da wadda ke da takarda mai nuna hannun da ta bi, waɗannan ambaliyar ba ta taɓa su ba, sai ma ta ƙara fito da bambancinsu. Kasuwar da kanta, da ta sami zaɓi, shaida ta bi.

Tarin Nepal ya koyar da abu biyu kuma. Na farko, a cikinsa aka sami dubban bindigogin da aka ƙera a can gida, waɗanda ake kira Gahendra da sunan Janar Gehendra Shamsher. Daga nesa sai a rantse Martini ce, har harsashinsu ɗaya, amma cikinta tsarin kamfanin Westley Richards ne mai hama a ɓoye, rubutunta na Devanagari ne, kuma da yake aikin hannu ce, sashen wata ba ya shiga wata. Wanda bai buɗe ta ba zai sa mata suna da farashin da ba nata ba, ko sama ko ƙasa. Na biyu shi ne batun wanki. Kamfanin ya riƙa sayar da wasu yadda aka same su da dattinsu, wasu kuma a goge, kuma masu saye da yawa suka ɗauki burushin waya da takardar yashi suka bi ƙarfe da katako har suka yi fes. Garin neman gira aka rasa ido. Hatimin da ke kan katako bai fi kaurin farce zurfi ba, shafa biyu ta takardar yashi ta tafi da shi, tare da sunan ma'ajiyar da bindigar ta zauna da shekarar da aka duba ta. Cire maiko da tsayar da tsatsa da ɗan mai da tsumma kiyayewa ne. Abin da ya wuce haka goge shaida ne, kuma ba ya dawowa. Ina kuma ganin an yi wa Nepal asara da ba a faɗa sosai: tarin da yake a wuri ɗaya, wanda za a iya karanta tarihin sojan ƙasa guda daga cikinsa, ya watse gida-gida a wata nahiya.

Hujja ta uku ita ta fi nauyi a wurina, domin ta shafi yadda mu kanmu muke riƙe tarihi. Za a ce: in iyali sun gaji bindiga tare da labarin cewa kakansu ya ƙwato ta a fagen fama, da wane dalili za a fifita bugun guduman wani Bature a kan maganar dattawa? Ban ce a watsar da ruwayar baka ba. Malaman hadisi sun daɗe da tsara yadda ake auna magana, a dubi sarƙar waɗanda suka ruwaito, a kuma dubi ko abin da aka ruwaito ya ci karo da abin da aka tabbatar. Haka ya kamata a yi wa labarin bindiga. Wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaushe bindigar ta shigo gidan, akwai hoto ko wasiƙa ko lasisi? Sannan a kai labarin gaban ƙarfe. In sun dace, labarin ya ƙara ƙarfi, bindigar ta ƙara daraja fiye da duk abin da hatimi kaɗai zai ba ta. In ƙarfe ya ce 1887 labari ya ce 1879, ba lalle dattijon ya yi ƙarya ba, wataƙila bindiga biyu ce ta bi ta gidan, ƙwaƙwalwa ta haɗe su. A ƙasashenmu akwai ƙarin abin lura. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa, ta bar musu bindigar ƙanƙara da albarushin fatake. Saboda haka irin wannan bindiga in ta ɓulla a wani tsohon gida, tambayar ta wace hanya ta zo, ta Sahara ko ta hannun soja ko ɗan sanda, ita ce rabin tarihinta. Mai ita kuma ya sani a Nijeriya tsufa ba ya fitar da bindiga daga dokar lasisi, kuma fitar da kayan tarihi waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Akwai wanda zai ƙi zancen gaba ɗaya, ya ce makamin da ya zubar da jinin Zulu da Afganawa da Sudanawa bai cancanci a tsaya ana lissafa hatimansa ba. Ina jin nauyin wannan magana, kuma gaskiya ne wani ɓangare na kasuwar sha'awar mulkin mallaka ce ke tura shi. Sai dai labarin da dillali ke sayarwa kusan kullum guda ɗaya ne, na sojan Ingila masu jajayen riguna a Rorke's Drift, hatiman kuwa sukan faɗi wani abu dabam. Sukan nuna bindigar da ta yi 'yan shekaru a hannun Bature, sannan aka miƙa ta ga sojan Indiya bayan Turawa sun karɓi wadda ta fi ta, domin tun bayan boren 1857 manufar gwamnati ce kada sojan ƙasa ya riƙe makami daidai da na Bature. Daga nan ta gangara hannun ɗan sanda ko wani sarki abokin ƙawance, aka buga mata DP, ta ƙare a ɗakin ajiya a Katmandu. Da yawa daga cikin Martini-Henry da ke hannun mutane yau wannan ce hanyar da suka bi, kuma sun fi daɗewa a kafaɗar waɗanda aka mallaka fiye da ta waɗanda suka yi mulkin.